Ba A Ƙera Amalanke Sai An Ga Jakin

Da can, a ƙasar Arewa, idan mutum ya shigo kasuwa bisa amalanke, ko ruwan sha sai ya roƙa sau biyu kafin a miƙo masa. Mai mota kuwa, ko da irin motar nan ce da sai ƙarti biyar sun tura take tashi, ana shimfiɗa masa tabarma tun bai kashe inji ba. Yau abin ya juya. Samari masu takardu suna tsayawa kusa da jaki suna ɗaukar hoto da waya, har sun raɗa masa sabon suna, wai sufuri mai ɗorewa. Shi dai jakin bai san an yi masa ƙarin girma ba, don ko dusar da yake ci ba a ƙara ba.

Ni maƙerin amalanke ne, sunana Garba. Saboda ku nake wannan rubutu, ku samarin da kuke tsayawa bakin rumfata, kan hanyar Ɗan Kassari, kuna cewa, "Baba, wanga ai ba aiki ba ne, ƙarfe huɗu ne da taya biyu." Gaskiyarku. Tuwo ma gari ne da ruwa. Ku tuƙa mu ci.

A Wagadugu na koyi sana'ar. Ci-rani ya kai ni ina saurayi, na faɗa hannun wani Bamoshe, Rasmane, mutum mai ƙarancin magana da yawan harara. Na zaci ranar farko zai ba ni gilashin walda in fara watsa tartsatsi kamar gwani. Igiya ya ba ni. Damina guda cur ina jan jakunan masu kawo gyara, ina shayar da su, ina cire akumari ina duba bayansu. Duk jakin da na ga miki a gadon bayansa, sai Rasmane ya ce in je in nemo amalanken da yake ja, in gaya masa abin da ya jawo mikin. In na ce mai jakin ne mugu, sai ya ce da yaren Mosanci, "Maƙerin ne mugu. Koma ka duba." Sai da na koma sau ba adadi kafin na gane abin da yake son in gani.

Ga shi nan, kyauta, tunda ku ba ku da damina guda ta ɓatarwa. Duk sirrin amalanke yana wurin da aka kafa ƙarfen ƙafafu, wato ƙarfen nan da ke riƙe tayoyi biyu. In ka kai shi baya da yawa, nauyin kaya ya kwanta bisa jaki, cikin wata biyu bayansa ya ɓare. In ka sa shi tsakiya daidai, a fili mai laushi sai ka rantse ka yi abin kirki. Amma da an kama hawa, kaya su rinjaya baya, hannuwan amalanke, sandunan nan biyu da jaki ke shiga tsakaninsu, su yi sama. Wurinsa yana bayan tsakiya kaɗan, taƙi ɗaya, ko taƙi da yatsu biyu, ko da yatsu uku. Abin da ke raba waɗannan yatsu shi ne tsawon jakin. Dogon jaki yana ɗaga hannuwa, gajere yana sauke su. Shi ya sa ba a ƙera amalanke sai an ga jakin. Idan an gama, sai a loda kaya a kira tsohuwa ta ɗaga hannuwan da hannu ɗaya. In ta kasa, an cuci jaki. In suka fizge daga hannunta suka yi sama, an cuci mai kaya. In suka zauna a tafinta kamar ƙwaryar nono, aiki ya yi.

Bayan Rasmane na yi yawo. Na ƙera amalanke a Segu, inda jakuna suka fi namu ƙashi. Na ga na doki a Kawlak, dogaye, masu rumfa, mata suna hawa da adonsu ba wanda ke musu dariya. A Kotonu babura sun yi yawa har iska ta koma shuɗiya. A Ikko na taɓa zama cikin mota daga azahar har la'asar ba mu wuce gada ɗaya ba, wani mai tallan burodi ya wuce mu sau huɗu da ƙafa, a na huɗun har ya tambaye ni iyali. Mutanen cikin motar duk da haka tausayinsa suke ji, wai ba shi da abin hawa. Na iya Zabarmanci, Fulatanci, Mosanci, Bambaranci, da Faransancin gareji, kuma a kowane na san kalmar da ake zagin mai amalanke da ita. Ban taɓa jin wadda ake zagin mai mota da ita ba, sai in ya wuce.

Kayan aikina ba su da yawa: injin walda da janaretonsa mai tari, zarton ƙarfe, guduma biyu, alli, da sandar geza mai tsaga-tsaga wadda nake auna kafaɗar jaki da ita. Ƙarfen ƙafafu kuwa daga matattun motoci nake ciro shi. Ku lura da wannan. Duk motar da kuke gani tana taƙama a hanya, ƙarshenta wurina ne, kuma jaki ne zai ja abin da ya rage nata.

Wani aiki da nake tunawa shi ne na Jauro Sambo, wani makiyayi daga wajen Dogon Kiriya. Ya yi tafiyar yini da rabi ya zo da jakarsa, ban aika masa cewa ya zo da ita ba. Ya ɗaure ta a bakin rumfa ya ce, "Ga mai kayan. Ni rakiya na yi." Doguwa ce, fara, tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu ta baya, sai na sassauta faɗin hannuwan, na ƙara yatsa ɗaya a ma'auni. Amalanken nan yana nan yana ɗibar ruwa har yau, jikanyar jakar ce ke jan sa. A makon nan kuma wani ɗan kasuwa ya aiko mini da saƙon murya, wai in ƙera masa amalanke "na jaki madaidaici". Na mayar masa cewa in ɗinka masa riga ta mutum madaidaici, ya sa ran Sallah.

Mummunar shekara a sana'ata ba ta fari ba ce. Shekarar masu sayen fata ce. Wasu baƙi suka shigo kasuwanni suna sayen jakuna da tsada, ba don aiki ba, don fatarsu. Mutanenmu, masu wayo kamar kullum, suka sayar, suka sayi babura. Kowa ya zama ɗan kabu-kabu, har aka rasa wanda za a ɗauka. Wata bakwai ban kunna walda don amalanke ba. Ƙofofi da murhu na riƙa yi, da gadon ƙarfe na amare. Da kaka ta zo, sai ga damman hatsi jibge a gona, ga babur ba ya ɗaukar fiye da biyu, na ukun yana kayar da mai shi cikin ƙaya. A shekarar na ga magidanta da gemunsu sun shiga tsakanin hannuwan amalanke suna ja da kansu. Na dai tambayi wani ko yana son in auna kafaɗarsa.

To, yanzu ga abin da ya sa aka fara ɗaukar hoton jakuna a garinmu.

Kasuwarmu tana ci ranar Talata. Tsakaninta da tasha akwai wani kwari mai yashi, in ka sauka sai ka hau tudu kafin ka shiga rumfuna. Shekara da shekaru motocin ƙauye ba sa tsayawa a tasha. Sai su kutsa har tsakiyar kasuwa, suna hon, suna hayaƙi, mata suna janye tabarmi da yara. Wata Talata, wata mota ta yi baya ta hau kan randunan Inna Dije. Inna Dije ita ce babbar masu tukwane, sa'ata ce, tare muka yi wasan ƙasa. Tana zama ƙarƙashin wani gawo a tsakiyar kasuwa, inda uwarta ta zauna, da kakarta. Aikin wata guda ya koma tsingaro. Direban ya leƙo ya ce, "Inna, ke ma mi ya sa kika aje tukwane bisa hanya?"

Ba ta yi kuka ba. Ta tattara tsingaron cikin zane, ta kai gaban maigari da magajin gari ranar da suke zama, ta zube musu. Mata suka bi ta, da masu nono, da wata ƙungiyar samarin gari da suka daɗe suna maganar hayaƙi da tsadar esansi, wato man fetur. Abin da suka nema shi ne motoci su tsaya tasha, amalanke da kekuna su riƙa shigo da kaya. Sarkin tasha, Alhaji Ɗan Jimma, ya ce kasuwa za ta mutu. Ya daɗe yana son inuwar gawon nan ta zama wurin lodi, kowa ya sani. Aka yi ta ja-in-ja, har Dije ta miƙe.

"A ba mu Talata uku," in ji ta. "In kaya suka kasa shiga, motoci su dawo, ni kuma in tashi daga gawo, Alhaji ya ɗauka."

"Kun ji da kunnenku," in ji Alhaji. Aka shafa fatiha.

Shugaban samarin, Nasiru, ya yi karatun injiniya a Yamai, mutum ne mai hankali in ba ya riƙe da takarda. Sun sami taimako daga wani wuri, suka sa aka ƙera musu amalanke shida a birni, aka shafa musu koren fenti, kowane da rubutu a gefe game da kare muhalli, ko da yake jakunanmu ba su yi lakkwal ba balle su iya karantawa. Ba wanda ya tambaye ni komai. Sun dai zo ran Lahadi da amalanken, aron famfon iska. Na leƙa ƙarƙashin ɗaya, na ga ƙarfen ƙafafu a tsakiya cif, kamar an raba gado.

"Ɗana, waɗanne jakuna kuka auna?"

Suka dubi juna, ɗaya ya juya baya yana dariya.

"Baba, ba jaki ake aunawa ba," in ji Nasiru. "C'est calculé. An yi lissafi. Dubi nan." Ya ɗaga hannuwan da yatsa ɗaya a filin da ke gaban rumfata. "Ka gani? Équilibre parfait. Jaki ba zai ji komai ba."

"Awo," na ce. "Ko ƙasa ma ba zai ji ba."

Na ba su famfon. Kayan aro ba a hana shi.

Talatar farko na tafi da wuri, na sami wuri mai kyau bisa tudu, na sayi gyaɗa. Motoci suka tsaya tasha, direbobi suka jeru a bakin kwari kamar masu kallon kokawa. Aka loda wa amalanke na farko buhunan wake, aka ɗora tabarmi da ƙorai a sama har suka yi tsiri. Jakin wani Mamman Gurgu ne, ɗan ƙarami, baƙi. Ya sauka kwari lafiya, samari suna tafi. Ya kama hawa. Taku ɗaya, biyu, a na biyar kayan suka ja baya, gindin amalanke ya dafe ƙasa, hannuwa suka yi sama da jaki gaba ɗaya. Yana rataye, ƙafafu huɗu suna tafiya cikin iska, bai ma daina takawa ba, bawan Allah, don ba a ce masa ya tsaya ba. Sannan ya fara kuka.

"Kai jama'a!" in ji wani direba. "Ashe jirgin sama suka sayo muna!"

"Mamman, hwaɗa mishi ya gaida mutanen Makka!"

Na biyu ma haka ya yi. Na uku suka sa mutum biyu suka zauna bisa hannuwan, jakin ya durƙusa. Wake ya zube cikin yashi, awaki suka yi walima. Kafin azahar an koma ɗaukar kaya a ka, masu nono sun iso da nono ya tsinke, Alhaji Ɗan Jimma kuwa ya zagaya gawon Dije sau biyu yana auna inuwar da taku.

Da la'asar ina rumfata sai ga Dije. Ko sallama ba ta yi ba.

"Garba, an ce tun ran Lahadi ka san haka za a yi."

"Na tambaye su jaki, suka ba ni Faransanci."

"Sai ka sayi gyaɗa ka hau tudu."

"To mi zan yi? An yi lissafi."

"Kai dai tun muna yara haka kake. A bar ka da gaskiyarka kana tsotsa kamar alewa, gari ya ƙone." Ta nuna ni da sandarta. "Gawon nan uwata ta mutu tana saida tukwane ƙarƙashinsa. In Ɗan Jimma ya aje mota a wurin, ba Nasiru zan tsine wa ba, shi bai sani ba. Kai da ka sani."

"Su zo su roƙe ni."

"Ni na zo. Ko ban isa ba?"

Ta isa. Na ce a kawo mini amalanken shida da safe, kowane da jakin da zai ja shi, kuma kada a musanya su bayan haka.

Nasiru ne ya shigo gaba, yana jan ɗan baƙin jakin Mamman Gurgu, ba takarda a hannunsa. Na miƙa masa sandar geza na ce ya auna. Ya tambaye ni santimita nawa ne tsakanin tsaga da tsaga. Na ce ya tambayi jakin. Kwana biyar muka yi muna yanke walda, muna ja da ƙarfe baya, muna sake kafawa. Na baƙin jaki taƙi ɗaya, na wata doguwar jaka taƙi da yatsu uku, sauran a tsakani. Na rage tsawon shingen baya don kada a sami wurin tula kaya a gindi. Fentin ya ƙone a wuraren walda, rubutun muhalli ya rasa haruffa. Nasiru ya ƙona yatsa sau biyu, bai yi ƙorafi ba, kuma a rana ta uku ya daina jefa Faransancin nan nasa na "normalement". Kowane muka gama, sai mu loda buhuna mu aika a kira Dije. Ta ɗaga da hannu ɗaya. Biyu ta mayar mana, ta ce sun yi mata nauyi. Na so in yi gardama, na ɗaga da kaina, na ga ita ce da gaskiya.

Talata ta biyu ba abin da ya faru. Kaya suka sauka kwari, suka hau tudu, suka shiga kasuwa. Direbobi sun jeru kamar wancan mako, suka gaji suka watse neman shayi. Amalanke mai kyau ba ya tara 'yan kallo.

Talata ta uku Alhaji ya zo da shirinsa. Wata mota ta sauke injin niƙa, sabo, na wani mutumin Lugu, wanda za a kai wa makanike a can ƙarshen kasuwa. Ƙarfe ne dunƙule, ƙarti shida suka sauke shi.

"Ga kaya," in ji Alhaji. "Ku kun ce komai na shiga. In ba ya shiga, ga mota."

Yaransa suka ɗora injin bisa amalanken doguwar jaka, suka tura shi can baya, suna ta fara'a. Mutane suka taru. Dije ta bar tukwanenta ta zo bakin tudu ta tsaya. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga Nasiru ya riga ni. Ya kwance jakar, ya kama hannuwan amalanken da hannu ɗaya, suka fizge sama.

"A matso da shi gaba," ya ce.

"Malam injiniya, ai an ɗaure," in ji ɗaya daga cikin yaran.

"A kwance."

Suka matsa. Ya ɗaga, ya girgiza kai. "Ya yi yawa. A mayar baya, yatsu uku." Ya nuna da yatsunsa, injiniya guda, a gaban jama'a. Suka mayar. Ya juya wajen tudu ya ɗaga murya, "Inna, zo ki gani."

Dije ta sauko a hankali, ta sa tafinta ƙarƙashin hannun amalanken, ta ɗaga, ta riƙe. Ta dubi Alhaji.

"Ko kai ma za ka taɓa? Ba ya cizo."

Aka ɗaura jakar. Ta sauka kwari, ta tsaya tsakiyar yashi ta yi fitsari, don ita ba ta san ana jiran ta ba. Sannan ta sunkuyar da kai ta hau tudun, mutum biyu suna tura mata, ƙafafunta huɗu a ƙasa har sama. Masu nono suka rangaɗa guɗa. Alhaji ya ce dama shi bai taɓa ƙin jakuna ba, kakansa ma yana da su.

Bayan wata biyu wasu baƙi suka zo daga birni da mota mai sanyi, suka bar ta tana aiki a tasha awa uku don kada cikinta ya yi zafi, suka yi jawabi a kan rage hayaƙi. Nasiru ya gyara zanensa, ya sa hoton sandata a ciki, da suna na Faransanci mai tsawo. Sandar dai geza ce, na yanko ta a bayan gari.

Tun daga Talata ta ukun nan mota ba ta sake haye kwarin ranar kasuwa ba. An kafa turaku biyu a bakin tasha, direbobi suna shanya tsummansu a kai. Dije tana ƙarƙashin gawonta. Kuma a garin nan, ko ni ko wani, ba mai kunna walda don amalanke sai an kawo jakin an ɗaure a bakin rumfa.